Saran Bahago a Jikin Hano

Ni bahago ne. Da hagu nake riƙe almakashi, da hagu nake sara. An doke ni a kan haka tun ina ƙarami har aka gaji aka ƙyale ni. Na fara da wannan ne saboda hannun nan shi ya tona mini asiri, kuma gara da ya tona.

Mahaifiyarmu, Inna, ta daɗe da ciwon gaɓɓai. A asibiti sun ce amosanin gaɓɓai ne, ita kuwa sanyi take ce masa. Ta ce a ramin kuza ta kwaso shi, tun tana budurwa, lokacin da suke wuni tsaye cikin ruwa suna wanke ƙasa. Yatsunta duk sun karkace kamar saiwar citta. Idan sanyin Jos ya sauko, ko ruwan Agusta ya yi kwana uku bai ɗauke ba, sai ta tashi da safe hannuwan a dunƙule, sai an buɗe mata su ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayoyin asibiti kuwa cikinta suke ƙonawa. Ta sha na wata guda ta ce a kai su bola.

Inna ba ta taɓa roƙon warkewa ba. Abu ɗaya take so, ta riƙa ɗaga butarta da kanta. Takan ce, “Muddin ina shiga bayi ni kaɗai, ina fitowa in yi alwalata, to lafiyata ƙalau.” Abin da take tsoro a duniya shi ne ranar da matata za ta bi ta bayi da buta. Ba don ba sa shiri ba. Suna shiri sosai. Ita dai ba ta so.

Abin da ya tsare mata wannan ranar shekara da shekaru itace ne guda ɗaya, itacen hano, a gonar wata tsohuwa can bayan Daɗin Kowa, a gindin duwatsu. Mama nake ce wa tsohuwar. Ƙawar Inna ce tun ramin kuza, Kirista ce, tare suka yi ’yanmatanci. A saman tudun nan hano ba shi da yawa, amma nata ya samu tsagin dutse ya yi gindi, mutum ɗaya ba ya rungume shi. Ni ake aika. Ba a saye. Inna takan ƙulla daddawa da gishiri in kai, Mama ta raka ni gindin itacen ta tsaya a kaina.

Akwai yadda ake yi, kuma tun ina saurayi ta koya mini. Faɗin tafin hannu ake ɗiba daga gabas, faɗin tafin hannu daga yamma, shi ke nan. Sai a kwaɓa jar ƙasa da ruwa a shafe wurin, kada a sake taɓa nan sai damina biyu ta wuce. Ba a zagaye gindi. Takan nuna ni da yatsa ta ce, “In ka cire masa riga duka, ya mutu. Ka ji?” In ce na ji. Kada wani ya ce ban sani ba. Na sani sarai.

In na kawo, Inna ta tafasa sassaƙen da ɗan citta, ta sa hannuwa cikin ruwan da ɗuminsa, ta sha rabin kofi, ta daka tukar da man kaɗanya ta shafa. Ban ce yana warkarwa ba. Yatsun ba su taɓa miƙewa ba. Amma tana ɗaga butarta, wannan da idona na gani, ba labari aka ba ni ba.

Da rikici ya raba garin nan, kowa ya koma ɓangarensa, ni ban daina zuwa ba. Na dai daina sa hula in zan tafi. Mama takan jira ni a bakin hanya, mu shiga tare, in wani ya kalle ni ta ce, “Yarona ne.” Yaro da furfura a gemu. Ita kuwa tun lokacin ba ta ƙara taka unguwarmu ta Anguwan Rogo ba, sai dai saƙon gaisuwa.

To, ina da ƙane. Lokacin da Baba ya rasu ni na bar makaranta a aji biyu na hau keken ɗinki, shi ya ci gaba. Ban ce ya ci haƙƙina ba, haka abin ya zo. Ya je wata jami’a a wani gari yana karatun haɗa magunguna, ya gama, ya koma ƙarin karatu. Wajen shekara biyu bayan gobarar babbar kasuwa ya zo hutu, cikin sanyi. Ya shigo shagona da ke ƙofar gida, ya zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, abin da bai saba ba.

Ya ce, “Yaya, itacen nan da kake samo wa Inna, na gaya wa ogana na jami’a labarinsa. Ya ce in yi bincikena a kansa.”

Na ce, “Me za ka bincika? Ga Inna can ciki, je ka tambaye ta.”

Ya yi dariya. “Ba haka ake yi ba, Yaya. Za a busar da shi, a niƙa, a jiƙa a sinadari, a tatso ainihin maganin da ke ciki. Mai yiwuwa a samu abin da za a mai da shi ƙwaya. Ka ga Inna ta huta da hura wuta.”

Ya faɗi “mai yiwuwa”, ba zan yi masa ƙarya ba. Ni ne kunnena ya tsallake kalmar. Sai ya ƙara da abin da ya gama da ni. Ya ce, “Kuma sunanka zai shiga littafin binciken. Ai kai ka san itacen.”

Sunana a littafi. Ni da nake tsayar da almakashi in an fara Turanci a shagona, ina murmushi kamar ina bin zancen. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka aka yi. Zuciyata ta kumbura kamar an hura balan-balan.

Na ce nawa yake so. Ya ce buhu biyu, wai in ya bushe ba ya auki.

Buhu biyu! Abin da nake kawo wa Inna ko ledar burodi ba ya cikawa. Nan take na san Mama ba za ta yarda ba ko za a yanka ta. Shi ya sa na ce mu tafi ran Lahadi da safe. Shi bai san dalili ba, ya ɗauka don hanya ba cunkoso ne. Ni na san ƙarfe takwas tana coci, ba ta fitowa sai rana ta take.

Na naɗe adda cikin buhu na ɗaure a bayan mashin. Ku duba haukan. Hausawa biyu, da adda, ran Lahadi, a bayan Daɗin Kowa, a shekarun nan da ko tayar mota ta fashe sai kasuwa ta watse. Muka bi ta bayan gonaki. Ana jiyo waƙar coci daga nesa.

Na ɗebi gabas, na ɗebi yamma. Ƙamshin ƙaron ya tashi kamar an sa turaren wuta. Ƙanina yana gefe da littafi da biro, yana tsinkar busassun ’ya’yan itacen yana sawa tsakanin shafukan jarida, yana ɗaukar hoto. Ya ɗaga buhun ya jijjiga.

“Yaya, ko kwata bai kai ba.”

Na tsaya da adda a hannu. Na kalli tsoffin wuraren da na shafe da ƙasa a shekarun baya, duk sun cike sun yi tabo. Da na ce masa iyakarta ke nan, da ya haƙura, don bai san komai a kan itace ba, ko rogo bai taɓa tona ba. Ban ce ba. Tsoro nake ya koma ya gaya wa ogansa cewa yayansa tela ya kasa. Na ci gaba da sara. Na bi ta kudu, na zagayo ta arewa, har saran ya haɗe. Na taka dutse na bi sama iya inda hannuna ya kai. Da na sauko na waiga, itacen ya tsaya fari sol kamar ragon da aka feɗe, ƙaro yana tsiyaya. Ban kwaɓa ƙasa ba. Ina zan shafa? Duk jikin ciwo ne.

Ƙanina ya ce, “Ai zai sake tohowa, ko?”

Na ce, “Hau mu tafi.”

Na cire wa Inna ɗan ƙulli, sauran ya tafi da su tasha. Ƙullin ya kai ta har zafin bazara. Da ya kusa ƙarewa ta fara ce mini, “Yaushe za ka leƙa ƙawata?” In ce hanya ba kyau, an ce ana tare mutane. Ƙarya nake. Na je Taminus, inda babbar kasuwa take, wajen masu baza magani a bakin titi, waɗanda gobara ta koro waje, na sayo abin da suka rantse hano ne. Inna ta sansana ta ture. Ta ce, “Wannan ko akuya ba ta yarda. Ɓawon mangwaro suka ba ka.”

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya sauka. Wata ranar Talata da hantsi ina kan keke, matata ta leƙo ta ce in shigo, Inna ta yi baƙuwa. Na shiga na tarar da wata tsohuwa a kan tabarma, ta lulluɓa da mayafin da gani ka san na aro ne, bai zauna mata ba. Sai da ta ɗago na gane Mama ce. Matar da ta yi shekara uku ba ta shigo unguwar nan ba. A gabanta ga reshe ɗanye mai tsawon kamu biyu, ga kuma wani guntun itace da ta faskaro.

Na durƙusa zan gaishe ta. Ta ce, “Bar gaisuwa. Zauna.”

Ta tura guntun itacen gaban Inna. “Duba nan. Kin ga yadda sara ya kwanta? Daga nan ya zo, ya tafi nan. Mai hannun dama ba ya sara haka. Tun ran da na dawo coci na gani na san wanda ya yi. Na ce bari in jira, zai zo da ƙafarsa ya faɗa. Wata biyar ina jira.”

Inna ta ɗauki guntun da hannu biyu, don ɗaya ba ya riƙewa. Ta daɗe tana kallo.

Mama ta juyo kaina. “Ni na koya maka riƙe wuƙa a jikin itacen nan. Na ce wa mutane yarona ne. Ka zo kamar ɓarawo. In da samarin unguwa sun gan ka da adda ran Lahadi fa? Su kashe ka a gonata, in zo in ce wa mamanka me? Itace ya mutu, na haƙura. Wannan ne ban haƙura ba.”

Na ce, “Mama, ki yi...”

“Rufe baki. Ban gama ba.” Ta nuna reshen. “Wannan kaɗai ya yi ganye bana, shi ma na ƙarshe ne. Hano yana kamawa in an kafa shi. Ka kafa. Kada ka taɓa shi sai kaurinsa ya kai ƙugun mutum. Ni da mamanka ba za mu gani ba.”

Sai a nan Inna ta yi magana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Kai kaɗai ka je?”

Na ce, “Da ƙanina. Shi ya ce buhu biyu yake so, na makaranta.”

Ta ce, “Shi bai sani ba. Kai ka sani.”

Maganar nan har yau tana ci na. Mutum ya yi shekara ashirin a aji, yana da takardu cike da akwati, amma shi ne wanda bai sani ba, an yafe masa. Ni da na tsaya a aji biyu ni ne masani ranar da ake neman mai laifi. Abin haushin kuma, gaskiya ta faɗa.

Inna ta sa matata ta raka Mama har bakin titi. Ni ko kallona ba ta yi ba da za ta fita.

Ban zauna ba. Na bi hanyar Bauchi, can ƙasa inda aka ce hano yana da yawa, na samo na gaske, na ɗiba gabas da yamma kamar mutumin kirki. Inna ta tafasa ta gwada. Ta ce ba ɗaya ba ne. Ko ƙasar wurin ce ta bambanta, ko ciwon ne dama ya kai lokacin da zai ci gaba, ko zuciyarta ce ta ƙi, ban sani ba. Ni ba likita ba ne. Abin da na sani, cikin Agustan shekarar, wata safiya bayan ruwa ya kwana yana zuba, na ji ƙarar buta ta faɗi a bakin bayi. Na fito na ga ruwa yana bin ƙasa, Inna tana tsaye tana kallon hannunta. Ta sunkuya ta gwada ɗauka, ta kasa. Ta sake gwadawa. Sai ta kira sunan matata, a hankali, kamar mai neman bashi a gidan da ba ta sani ba.

Ranar ba ta ci abinci ba. Da azahar ta yi, matata ta kawo ruwan alwala, Inna ta ce, “A’a. Ke kin yi naki. Kira mijinki.” Na zo. Ta miƙo hannuwan ta ce, “Zuba.” Daga ranar, in dai ina gari, ni ke zuba mata ruwan alwala. In bar ɗinki a ƙarƙashin allura in shigo in zuba, in ga yatsun nan da kyau, in koma. Ba ta ƙara tayar da zancen itacen ba ko sau ɗaya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da Babbar Sallah ƙanina ya zo. Ya fito da wata ’yar kwalba kamar ta turaren ɗan goma, da wani baƙin abu mai danƙo a gindinta. Yana nuna wa mutane yana murmushi. Wai abin da ya rage ke nan daga buhu biyu, sauran an ba fararen ɓeraye waɗanda aka kumbura wa ƙafa da gangan.

Na ce, “To, Dokta, ɓeraye sun samu sauƙi?”

Ya ce, “Ba za a ce komai ba tukuna, Yaya. Mai yiwuwa akwai wani abu. Sai an ƙara bincike.”

Na ce, “Kawo kwalbar a ba Inna.”

Ya mai da ita aljihu da sauri. “Haba Yaya! Ba a gwada shi a kan mutum ba.”

“Ba a gwada a kan mutum ba? Waccan da ke zaune a ɗaki mece ce, kujera? Tun kana tsumma take gwada shi!”

“Ba iri ɗaya ba ne. Wannan an tattara ƙarfinsa, ga sinadari a ciki, zai iya taɓa mata hanta.”

“Ka kumbura wa ɓera ƙafa ka ba shi maganin uwarka, uwarka tana nan ana bin ta bayi da buta!”

Na faɗe shi da ƙarfi, a tsakar gida, ga baƙin Sallah. Abin da Inna ta yi wata huɗu tana ɓoyewa na fallasa shi da bakina. Daga ɗaki ta ce, “Ya isa.” Ko a nan ma ni na ƙara mata.

Yanzu da na huce kaɗan, na yarda mai yiwuwa yana da gaskiya a kan kwalbar. Ga shi ni ma na koyi kalmar tasu. Amma gaskiyarsa ba ta ɗaga wa kowa buta ba.

Littafin ya zo daga baya, baƙin bango da rubutun ruwan zinare. A shafin farko ya sadaukar da shi ga Inna. Ya ɗora mata a cinya, ta kasa buɗewa, sai shi ya buɗe mata. Sunana yana shafi na uku, layi ɗaya, cikin waɗanda aka gode wa, ƙasa da mai buga takardu. Ya ce an rubuta cewa na taimaka wajen samo samfur. Ban ga ƙwaya ba har yau. Shi ya samu aiki, ya koma binciken wani abu dabam. Littafin yana shagona. Ƙafar kekena ɗaya ta fi sauran gajarta, kaurinsa ya yi daidai.

Inna ta yi shekara uku ina zuba mata ruwa, sannan Allah ya karɓi abarsa. Mama ta aiko da gaisuwa ta bakin wata mai sayar da dankali. Ba ta zo ba, ni ma ban da fuskar zuwa.

Reshen kuwa na kafa shi tun ranar da ta kawo, a kusurwar gida kusa da rariya. Na fasa siminti, na kewaye shi da tsohon kwano saboda awaki. Ya kama. Duk ƙarshen damina nakan zagaya shi da tef ɗin awo, kamar mai auna wa yaro wando. Kaurinsa bai kai cinyata ba tukuna.

Bara ƙanina ya zo da motarsa. Ina shago na hango shi ta taga ya tsaya a gindin itacen, yana kankarar ɓawon da farce yana sansanawa. Ya ɗaga murya ya ce, “Yaya, wannan fa ya yi kyau! Ka san akwai wani ɗalibina da...”

Ban san lokacin da na fito ba, da almakashi a hannun hagu.

Na ce, “Ɗauke hannunka.”

Ya ce, “Wasa nake, Yaya.”

Na ce, “Ni ba wasa nake ba. Ɗauke.”

Ya ɗauke. Ya shiga mota bai ci abincin da aka zuba masa ba, matata tana ta yi mini faɗa wai na cika riƙo. Ta yi ta yi.

Yatsuna biyu na hagu sun fara ƙin lanƙwasa da safe. Sai na riƙe kofin shayi sun ji ɗumi kafin in iya zura zare. Matata ta ce in ɗan sassaƙi kaɗan mana, ai itacena ne, a gidana yake. Na ce mata bai kai ƙugun mutum ba.